Kusurwar da Orrin Radtke Ya Goge

A garin Harlow, in aka ce Orrin, ba sai an ƙara da Radtke ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran bas-bas ɗin makarantar gari, kuma a duk tsawon shekarun nan, har a ranakun da sanyi ke hana kare leƙa waje, ba a taɓa jin yara sun daskare a bakin titi don mota ta ƙi tashi ba. Dogon mutum ne mai ɗan rankwafawa, wanda ba ya furta kalma biyu inda ɗaya za ta wadatar. Sifanoninsa a jere suke a bango daga ƙarami zuwa babba, kowanne da ƙusarsa, ya kuma zana siffar kowanne da baƙin fenti a inda yake rataye. In ka ari ɗaya ba ka mayar ba, bangon da kansa zai tona maka asiri.

Ɗan manomi ne. A gonar shanun madara ya tashi, na huɗu cikin maza biyar, a hannun uban da bai iya cewa madalla ba. In ka yi aiki daidai, shiru za ka ji. Sai ka ɓata ne za ka san yana da murya. Orrin ya tsani tatsar shanu, amma tun yana ɗan shekara goma sha uku, in tarakta ta ƙi tashi shi ake kira. Da gonar ta koma hannun babban yayansu sai ya sauko gari, ya sami aiki a garejin makaranta. A can ya haɗu da Marlys, wadda ke dafa wa yara abincin rana, mace mai fara'a wadda bakinta ba ya hutawa. Mutane suka ce an dace, shi ya yi musu shirun, ita ta yi musu maganar. Suka yi aure, suka sayi ɗan ƙaramin gida a layin da ke gangarawa tafki, suka haifi Corinne, bayan shekara huɗu suka sami Travis.

Gidan ba shi da gareji, sai a shekarar 1988 Orrin ya gina da hannunsa, shi da maƙwabcinsa Lyle Gorski, direban tankar madara, gajere mai tumbi da yawan ba'a. Ranar da aka zuba kankaren ƙasa, Orrin ya wuni a durƙushe yana shafa da cokalin magina har daɓen ya yi sumul kamar faranti. Ya shiga gida ya wanke hannu, ya sha ruwa. Fitowar da zai yi sai ya ga Travis, ɗan shekara shida, tsugune a kusurwar da ke kusa da ƙofar kicin, hannunsa na dama caɓe-caɓe da siminti, yana ta washe baki.

"Baba, zo ka ga hannuna!"

Orrin ya finciko shi, ya ɗaɗa masa duka ɗaya a ɗuwawu, yaro ya ɓarke da kuka. Ya ɗauko cokalin zai shafe sawun hannun da yaron ya danna a simintin, sai ga Marlys a bakin ƙofa da tsumman kwanuka a kafaɗa.

"Orrin, ajiye cokalin nan."

"Wuni guda fa na yi a kansa."

"Na gani, ai ina taga. Ajiye."

Ya ajiye. Ta tsinci ƙusa a ƙasa, ta durƙusa, ta rubuta T.R. da 88 a gefen yatsun. Orrin bai ci abincin dare da daɗin rai ba ran nan, amma hannun ya zauna.

Travis ya taso bai ɗauko ubansa a tsari ba. Zai ɗauki sifana ya bar ta cikin ciyawa, ya bar murfin mai a buɗe, ya zo yana dariya. Amma kunnensa na uban ne. In inji ya yi tari, ya san abin da ke damunsa tun kafin a buɗe. Kusan duk hirar da suka taɓa yi, a ƙarƙashin mota suka yi ta, ɗaya na cewa miƙo, ɗaya na cewa ungo.

A watan Maris na shekarar 2001, Travis yana da shekara goma sha tara, ya sayi wani tsohon babur na kan ƙanƙara wanda ya ƙi tashi. Orrin ya kwance shi ya ɗaura, ya tashi. Bayan sati ɗaya, wata ranar Asabar da rana tsaka, Travis ya hau da shi kan tafkin da ya daskare. Ƙanƙarar ta riga ta fara laushi wajen bakin rafi. Ta fashe da shi, sai washegari aka fito da gawarsa.

Bayan jana'iza da kwana tara, Orrin ya je ya sayo babbar firiza, irin mai murfi a sama, ya kawo ta ya girke a kusurwar nan, a kan hannun. Ya ce don naman barewa ne in kakar farauta ta zo. Daga ranar bai ƙara kiran sunan yaron ba, in wani ya kira a gabansa sai ya tuna da wani aiki a waje. Marlys ta ci gaba da magana kamar da, amma in tana tsakar ba da labari ta ga zai biyo ta kan Travis, sai ta karkata shi wani wajen. Haka suka zauna shekara goma sha shida, ba faɗa, ba tashin murya.

Ritaya ba ta karɓi Orrin ba. Cikin wata shida ya gyara duk abin da ke gidan, har da wanda bai lalace ba.

"Ka nemi abin yi, bawan Allah," in ji Marlys, "tun kafin ka kwance ni ka sake ɗaurawa."

Corinne ta ba shi wata waya mai babban gilashi, a nan ya fara kallon mutanen da ke shafe ƙasan garejinsu da efoksi, wancan fenti mai taurin tsiya da ake haɗa ruwa biyu a gauraya, in ya bushe ya koma kamar tangaran. Ya kalli bidiyo ya fi talatin. Sai ya fita ya kalli nasa daɓen: baƙin mai na shekara kusan talatin, tsaga biyu da sanyi ya yi, ga gishirin da ake zuba wa hanya don narkar da ƙanƙara ya cinye bakin ƙofa. Tun ranar da aka gina garejin Marlys ke mitar baƙin sawun da yake shigo mata da shi kicin. Ya ƙudurta a ransa zai yi mata abin da za ta buɗe baki ta kasa rufewa.

Dama ta samu a watan Yuni, da aka yi wa Corinne aiki a kafaɗa, Marlys ta tafi Duluth kwana goma sha biyu don ta kula da jikoki. Motarta ba ta gama shan kwana ba ya fara fitar da kaya. Ya yi komai yadda aka ce. Ya manna leda a ƙasa da salatif ya bar ta kwana biyu don ya ga ko daɓen na tsatso da laima, ya ɗaga ya ga a bushe. Ya wanke tabon mai sau uku da buroshi mai tauri. Firiza kaɗai ta gagare shi, sai ya leƙa ta katanga ya kira Lyle.

"Wato sai da matar ta juya baya," in ji Lyle yana shigowa da kofin kofi a hannu. "Wasu in matansu sun yi tafiya budurwa suke nema, kai fenti."

"Kama can gefen."

"Me ka zuba a ciki, surukarka?"

"Ɗaga da gwiwa, ba da tumbi ba."

Da suka zagayo bayanta don su sami wurin kamawa, sai Lyle ya tsaya cak. Firizar ba a inda Orrin ya ajiye ta take ba. Ta matsa daga bango kamar taki ɗaya, ga hannun nan a fili, tsakaninta da bangon kicin, inda mai shigowa daga waje ba zai gani ba. Ko'ina a bayan firizar ƙura ce da yanar gizo, amma wurin hannun tas yake, ya yi duhu, ya yi santsi, har da ɗan ƙyalli. Orrin ya lura da haka. Ya ce a ransa ruwan firiza ne ke ɗiga a wurin, ya kawar da kai.

"Wannan fa?" in ji Lyle, muryarsa ta sauka. "Ya za ka yi da shi?"

"Zan zagaye shi."

"Da ka kira Marlys ka ji ta bakinta."

"A kan me? Na ce zan zagaye."

Ran Alhamis da safe ya ɗauko hayar injin gurza daɓe, a kan zai mayar kafin ƙarfe biyar. Inji ne mai nauyi, ana tura shi a tsaye, yana cin fatar kankaren sama-sama don fentin ya sami abin kamawa. Ya sa abin rufe hanci, ya fara daga can ƙurya, layi-layi, ƙura na tashi duk da bututun da ke zuƙe ta. Baƙin daɓe ya riƙa komawa fari a bayansa. Ya daɗe bai ji daɗin aiki irin na ran nan ba. Da ya iso kusurwar sai ya zagaye ta kamar yadda ya faɗa, ya bar wani ɗan murabba'i da bai fi faɗin littafi ba.

Wajen ƙarfe uku ya gama, ya kashe inji, ya tsaya a bakin ƙofa. Duk garejin fari fat, sai baƙin murabba'in nan a kusurwa da yatsu biyar a ciki. Duk inda ya kai idonsa, can yake komawa. Ya ɗauko takardar da ke cikin kwalin fenti ya sake karantawa: duk wurin da ba a gurza ba, daga nan ɓawo zai fara tashi. Ya riga ya san haka, ba sai ya karanta ba. Shekara goma sha shida bai kalli hannun nan ba, yau kwana uku ke nan yana tashi da shi yana kwana da shi. Ƙarami ne ƙwarai, ya manta da ƙanƙantarsa.

Ya ce wa kansa gefe-gefen kawai zai ɗan taɓa, don fentin ya kwanta. Ya kunna inji ya tura. Kafin ya ja da baya haruffan sun tafi, don ƙusa ba ta nutse sosai ba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun shafe, saura rabin tafi da yatsu uku, abin ya koma kamar sawun wata dabba. Ya tsaya yana kallo, injin na ta kuka a hannunsa. Daga baya ya sha tambayar kansa me ya sa bai tsaya a nan ba, don ko rabin ma wani abu ne. Amsar da yake samu ita ce bai iya barin aiki a ɓace ba. Akwai wata amsar a ƙarƙashin wannan, wadda ya daɗe bai yarda ya dube ta ba. Ya sake turawa sau biyu. Ɗan ramin da ya rage ya cike shi da irin ƙullun da ya cike tsagogin daɓen da shi, ya shafe da wuƙar fenti. Ƙarfe biyar saura kwata ya mayar da inji.

Ran Asabar suka shafa. Da zarar an gauraya ruwan nan biyu, ba ka da fiye da rabin awa kafin ya fara ƙullewa a bokiti, don haka aikin na mutum biyu ne. Orrin ya bi gefen bango da buroshi, ya dawo ya kama rola. Lyle ya ɗaura takalma masu ƙusoshi a tafi, yana takawa kan ɗanyen fenti yana watsa ɓarɓashin launi sama, fari da baƙi da shuɗi, yana kiran kaji.

"Kur-kur-kur! Ku zo ku ci, Orrin ya yi arziki!"

"Watsa sama, ba ƙasa ba. Kana tara shi wuri ɗaya."

"Shekara arba'in ina maƙwabtaka da kai, ko sau ɗaya ka ce Lyle ka kyauta."

Da suka zo kusurwar, Lyle ya duba, ya sake dubawa, ya ɗago ya kalli Orrin. Orrin bai ɗago daga rolar ba.

"To," in ji Lyle. Ya watsa ɓarɓashin a wurin. Bai ƙara wata ba'a ba har suka gama, da aka miƙa masa giya mai sanyi ma ya ce yana da abin yi a gida.

Washegari Orrin ya share ɓarɓashin da bai kama ba, ya bi da shafe na biyu mai haske kamar ruwa. Aiki ya yi kyau, wannan ba a musu. Ba kumfa, ba sawun rola, launin toka mai ɗigo-ɗigo, in ka tsaya kana ganin fitilar rufi a ƙasa. Ya jira kwanakin da aka ce, ya mayar da kaya, ya sa faifai mai tayoyi ya tura firiza shi kaɗai, ya manna ta da bango kamar yadda ya ajiye ta tun farko.

Marlys ta dawo ran Laraba da la'asar. Ya tare ta a bakin titi, ya ce ta rufe ido, abin da bai taɓa yi ba tun da suka yi aure. Ya danna maɓalli ƙofa ta ɗaga.

"Kai, Orrin!" Ta dafe ƙirji. "Wannan ai sai a ci abinci a kai! Kai kaɗai ka yi?"

"Da Lyle."

"Wallahi ya fi kicin ɗina kyau. Bari in cire takalmi, kar in ɓata maka."

Ta cire kuwa, ta shiga da safa tana zamewa tana dariya, tana taɓa wannan tana yaba wancan. Tana cikin ba shi labarin yadda ƙaramar jikarsu ta aske wa kyanwa gashi, ta nufi ƙofar kicin, ta zagaya gefen firiza kamar mai bin hanyar da ta saba. Sai labarin ya yanke.

"Ka matsar da ita."

"Na mayar da ita wurinta ne."

"Janyo ta."

"Marlys, ki shiga ki huta tukuna."

"Janyo ta, Orrin."

Ya janyo. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta dafa firizar ta durƙusa, ita da gwiwarta ba ta son durƙuso, ta shimfiɗa tafin hannunta a ƙasa tana shafawa, gaba da baya, ko za ta ji ɗan lotsawa. Orrin ya iya aiki. Babu abin da za ta ji.

"Yana ƙarƙashi?" ta tambaya. "In an kankare fentin, yana nan?"

Ƙarya ta zo masa har bakin harshe. Ya ce, "A'a."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

"Sati biyu bayan ka kawo firizar nan, na tura ta da ƙuguna. Kwana uku ina turawa kaɗan-kaɗan, don kar ka ji ƙara. Kullum da safe in ka tafi aiki, sai in fito in cire silifa in ɗora ƙafata a kai. Wani lokaci in gaya masa abin da ake ciki, wani lokaci in yi shiru. Ba na daɗewa, kafin ruwan kofi ya tafasa na koma."

"Ban sani ba."

"Ina za ka sani? Ba ka tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Kana tsammani son naman barewa ne ke fito da ni kullum?" Ta miƙa masa hannu. "Tashe ni."

Ya tashe ta, ta shiga gida ta dafa abinci, suka ci.

Da safe, tana wanka, ya ɗauki kurfi da guduma ya durƙusa a kusurwar. Ya san aikin banza ne, amma ya yi. Ƙullun ya kama kankaren ya zama abu ɗaya da shi, duk inda ya sara tare suke ɓallowa. Cikin minti ashirin ya yi rami mai faɗin kwano, ba alamar yatsa ko ɗaya. Ya ɗago ya ga Marlys a ƙofa da tawul a ka.

"Bari haka nan," ta ce. "Kana ƙara ɓata wa kanka aiki ne kawai."

Ya kira Corinne ya tambaye ta ko tana da hoton wurin.

"Wane wuri, Baba?"

"Hannun. Na gareji."

"Hannun Travis? Baba, me ka yi?"

Ya gaya mata. Ta ce za ta duba, ta kashe waya ba sallama. Bayan sati ta aiko da hoto ɗaya tak: Travis a rigar kammala sakandare, tsaye a ƙofar gareji ya ɗaga babban yatsa, kusurwar na can bayansa, keke ya tare ta. Orrin ya kai wa mai wankin hoto ya ƙara girmansa har ya dushe, ba a ga komai ba sai tayar keke.

Ya cike ramin, ya shafe da ragowar fenti. Marlys ta sa aka sauke firiza zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ta daina bi ta gareji. In ta dawo daga kasuwa sai ta tsayar da mota a waje, ta zagaya da ledojinta ta ƙofar gaba. Ba ta gaya wa kowa ba, ko 'yan ƙungiyar mata na coci. Tana masa magana, tana masa wanki, tana tuna masa maganin hawan jini. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Maza kuwa na layin suka riƙa tsayawa in sun ga ƙofar a buɗe, suna tambayar wane iri ya saya, shafe nawa ya yi, shi kuma yana amsawa kamar mai ba da shaida a kotu.

Sai a watan Nuwamba suka yi maganar. Wata Juma'a ce, sun fito daga cin soyayyen kifi a zauren coci da yamma, suna cikin mota yana jiran gilashi ya washe. Bai shirya ba, ya ji bakinsa ya buɗe.

"Ba don fentin ba ne."

"Na sani."

"In na kalle shi, dukan da na yi masa nake gani. Yaro ya ce in zo in ga hannunsa, na doke shi." Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Kuma ni na tayar da babur ɗin nan, Marlys. Da na ce ba ya gyaruwa, da ya yarda. Duk abin da na faɗa a kan inji yana yarda."



Ta ce, "Da ya kai wa wani ya gyara, ka san halinsa. Dukan kuwa ko tunawa bai yi ba. Kowace shekara ranar haihuwarsa sai ya je ya ɗora hannunsa a kai ya ga yadda ya girma, ya shigo yana cewa, Mama, ni kaɗai na taɓa ɓata wa Baba aiki na kwana lafiya. Alfahari yake da shi."

Wannan ma Orrin bai sani ba. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Mutane suna fitowa daga zauren suna wucewa ta gefen motar, wasu suka leƙa suka kawar da kai. Marlys ta ɗora hannu a bayansa ta bar shi a nan.

"Ban huce ba tukuna," ta ce. "Kar ka ɗauka na huce. Amma shekara goma sha shida ina jiran ka buɗe baki, ba zan ce ban ji daɗi ba. Faɗi sunansa."

Ya faɗa.

A hunturu na biyu Marlys ta zame a matakalar gaba ta bugu a ƙugu. Da ta warke sai ta koma shiga ta gareji. Takan wuce kusurwar idonta na kan ƙofa. Yanzu sunan Travis na fitowa a gidan jefi-jefi, galibi daga bakinta, wani lokaci daga nasa, in ya ji wani inji na tari a layi ya ce da yaron nan na nan da tuni ya faɗi abin da ke damunsa. Corinne ta yi kusan shekara tana gaishe shi a taƙaice kafin ta sake sakin jiki da shi. Lyle ya shafa wa nasa garejin fentin bayan shekara biyu, bai gurza da kyau ba, tayoyin motarsa suka kwashe fentin tun bazarar farko. Orrin ya je ya taya shi sakewa, bai yi masa gori ba, abin da Lyle ya ce ya fi gorin ciwo.

Orrin ya haura saba'in yanzu. Hannunsa ya fara rawa, ƙananan kusoshi na gagararsa, amma har yau mutanen coci na kawo masa injin yankan ciyawa in ya ƙi tashi. Bara Corinne ta ce su sayar da gidan su dawo kusa da ita, akwai wani gida marar bene a bayan layinsu, ba matakala, ba sharar ƙanƙara. Marlys ta amsa nan take, har ta fara raba kwanukan da ba ta amfani da su. Orrin ne ke jan ƙafa. Ya ce ba zai miƙa wa mutane gida da indararo mai yoyo ba, sai ya gyara. Da ya gyara ya ce tagar ɗakin ƙasa na shigo da iska. Marlys ta gaya wa Corinne ta ƙyale shi, in ya gama zai faɗa. Har yanzu suna nan a layin tafki.